Yadda Aka Koyi Duban Wutar Lantarki a Gidaje

Wuta iri biyu ce ta shiga gidajen mutanen ƙasar Sakkwato. Ta fari ita ce wadda kaka da kakanni suka sani, watau wutar murhu da ta fitilar aci-balbal. Wannan ba ta ɓuya. Tana da harshe, tana da hayaƙi, ko yaro mai rarrafe ya kusance ta zafinta ya kore shi. In hunturu ya kama, danga da jinka suka bushe ƙayau, akan gargaɗi mata su kashe ta da zarar an sauke tuwon dare, kowa kuwa ya san dalili. Ta biyu ita ce wutar lantarki, wadda ta zo daga baya. Ita ba ta da harshe, ba ta da hayaƙi, ba ta da wari. Waya mai ɗauke da ita da wadda babu kome cikinta kamarsu ɗaya, sanyinsu ɗaya, sai fa wanda ya taɓa shi ne zai ba da labari, in ya sami ikon bayarwa.

Dattawan Dingyaɗi da Boɗinga da Shagari ba su manta da duba-gari na zamanin En'e ba. Yakan shiga gida ya leƙa randa ko da 'ya'yan sauro, ya dubi salga, ya bi rariya har waje, in ya ga ƙazanta ya kai mai gida gaban alƙali. Ido da hanci sun ishe shi aikinsa. To, wanda zai duba lantarkin gida ba ya da wannan gata. Idonsa ba zai gaya masa kome ba, tilas ya dogara ga wani ƙarfe da zai auna masa. Saboda haka tarihin duban lantarki, in an bi shi sosai, tarihin ma'aunai ne, da yadda mutane suka gane wanne ke faɗin gaskiya, wanne kuma ke ruɗi.

Lantarki ya fara shigowa Nijeriya ta Ikko cikin 1896, inda Ma'aikatar Ayyuka ta kafa ƙananan injuna domin gidajen Gwamnati da fitilun titi. A nan Arewa, En'e ta Kano ta kafa nata injin a Calawa wajen 1930, ta Katsina kuma ta bi baya ba da daɗewa ba. A kan Dutsen Jos wani kamfani ya tare ruwa a Kurra yana ba masu haƙar kuza wuta. Kowa dai da nasa injin, kowa da nasa tsari. Cikin 1951 aka tattara yawancinsu ƙarƙashin hukuma guda, wadda aka fi sani da E.C.N. Cikin 1962 aka kafa hukumar madatsun ruwa na Kwara, ita ta gina madatsar Kainji, aka gama cikin 1968. Cikin 1972 aka haɗe hukumomin nan biyu suka zama NEPA, sunan da har yanzu bai fita bakin mutane ba, ko da ya ke an sake shi cikin 2005, daga 2013 kuma aka sayar wa kamfanoni aikin rarraba wutar. Wutar da ke zuwa Sakkwato daga Kainji ta kan Birnin Kebbi ta ke biyowa, kamfanin rarrabawa na Kaduna ne kuma ke kai ta gidajen jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara.

Da ya ke Turawan Ingila ne suka kawo ta, sai ta zo da ƙa'idodinsu. Ƙarfinta a gida wajen bolt 230 ne, filogi mai ƙafa uku mai fis a ciki kuwa, wanda ke ko'ina yau, cikin 1947 aka fito da shi a Ingila. Su ma can ba da sauƙi suka koya ba. Da aka fara sa fitilun lantarki a manyan gidajen Landan, sai gobara ta riƙa tashi daga wayoyin da aka naɗe da roba da auduga, kamfanonin inshora kuwa su ke biyan hasara. Cikin 1882 ƙungiyar injiniyoyin waya da lantarki ta buga ƙa'idodinta na fari, 'yan shafuka huɗu kawai, maganarsu duk a kan tsare gobara ce. Littafin nan ya yi ta girma, har cikin 2018 aka fitar da bugu na 18, mai kauri kamar tubali.

Amma doka ta ce waya ta zama mai kyau, yaya za a san mai kyau ce bayan an binne ta cikin bango? Wani Bature mai suna Sydney Evershed ya warware wannan cikin 1889, da wani akwati da daga baya aka sa wa suna Megger. Yana da hannu da a ke juyawa kamar na injin markaɗe, sai ya haifar da wuta mai ƙarfi, wajen bolt 500, ya tura ta cikin wayoyin gidan bayan an raba su da babbar waya ta waje. In rigar wayar lafiya ta ke, wutar ba ta samun inda za ta tsiyaye, allura ta nuna haka. In gara ko ɓera ko zafi ya ci rigar a wani wuri, ko da cikin rufi ne inda ido ba ya kai, allurar ta faɗi. Misalinsa kamar mai sayen tulu ne da zai cika shi da ruwa ya ajiye ya ga ko ƙasa za ta jiƙe. Cikin 1923 kuma aka fara sayar da wani ma'auni da Donald Macadie, injiniyan gidan waya na Ingila, ya ƙago domin ya gaji da ɗaukar akwatuna barkatai. Ya haɗa awo uku cikin akwati guda, aka kira shi Avometer. Shi ne kakan 'yar mitar nan mai igiya biyu, ja da baƙa, da a ke gani hannun masu gyaran rediyo.

Waɗannan kayan masu tsada ne, na hukuma da manyan 'yan kwangila. Abin da ya kai hannun talaka, ya shiga aljihun kowane yaron mai wayarin daga Sakkwato har ƙauye, shi ne ɗan sukudireban nan mai haske a ƙugu, wanda a ke kira tasta. Ya kamata a tsaya a kanta, domin ba wani ma'auni da aka fi amincewa da shi a ƙasar nan, ba kuwa wanda ya fi shi rashin cancantar amincin.

Cikin ƙotarta akwai ɗan ƙwai na gilashi cike da wata iska da a ke kira niyon, wadda Ramsay da Travers suka gano a Landan cikin 1898. Halin iskar nan shi ne in wuta mai ƙarfin da ya kai wajen bolt 90 ta ratsa ta, sai ta yi ja kamar garwashi. Akwai kuma wani ɗan abu mai tauye wuta, wanda ba ya barin ta wuce sai 'yar kaɗan ƙwarai. Mai gwaji ya ɗora bakin tasta a kan waya, ya ɗora yatsansa a kan ƙarfen da ke gindinta. Abin da yawancin masu riƙe ta ba su sani ba shi ne, wutar da ke kunna ƙwan nan ta cikin jikinsu ta ke bi ta sauka ƙasa. Mutumin da kansa shi ne rabin ma'aunin. Daga nan duk aibinta ya taso.

In mutum yana tsaye a kan busasshen tsani na katako, ko ya sa takalmin roba mai kauri, cikin hunturu fatarsa ta bushe, wutar da za ta bi jikinsa sai ta ragu, hasken ya dusashe. In kuwa a tsakar gida ne da hantsi, cikin ranar Sakkwato, ɗan jan nan ba ya ganuwa ko kusa. Sai ya ce babu wuta, ya kai hannu. Ƙwan yana iya fashewa cikin aljihu ba a sani ba, tasta matacciya kuwa da mai rai a kan wayar da ba wuta amsarsu ɗaya ce, watau duhu. Wani lokaci kuma ta yi ƙarya ta ɗaya gefen. Wayoyi biyu in sun yi doguwar tafiya cikin bututu guda, wadda ba ta da wuta takan ɗauki ɗan inuwar wuta daga 'yar'uwarta, abin da bai isa ya kunna ko ƙwan fitila ba, amma ya isa ya sa tasta ta yi ja. Wannan ƙaryar ba ta kisa nan take, sai dai tana koya wa mai aiki raina jan, ran da ya zama na gaske kuwa ya riga ya saba da cewa ai haka ta ke yi. Mafi muni duka, in ruwa ko gumi ya shiga ƙotar, ko kuwa ta jabu ce da ba a sa mata abin tauye wutar kirki ba, to babu sauran shamaki tsakanin waya da yatsa. Don haka a Ingila masu koyar da sana'ar ba su yarda a tabbatar da mutuwar waya da ita ba. Abin da suka yarda da shi ma'auni ne mai baki biyu, wanda wuta ke shiga ta ɗaya ta fita ta ɗaya, ba ruwanta da jikin mai riƙe shi.

Akwai wani haɗari kuma da masu rubuta ƙa'idodin Landan ba su cika tunawa da shi ba, amma a nan shi ne na kullum. An ɗauke wuta, mai gyara ya zo, ya ɗora tasta ko mita mai tsada, duk suka nuna babu kome. Gaskiya suka faɗa, amma gaskiyar wannan lokacin kaɗai. Yana cikin murɗa waya da hannu sai a kawo wuta, yara na ihun murna a waje. Ko kuwa maƙwabci ya ta da janareto, alhali bai sa makunnin da ke raba gidansa da layin waje ba, wutarsa ta biyo waya ta shigo. Ma'auni ba ya sanin gaibu. Abin da ke tsare rai a nan shi ne a kashe babban makunni, a zare fis, mai aikin ya sa shi cikin aljihunsa, kada wani mai son taimako ya mayar. Yanzu kuma ga faifan hasken rana da batura sun shiga gidaje. Injin da ke juya wutar batir ta koma ta gida yana ba da wuta ko an ɗauke ta gari, batirin kansa kuwa mai bolt 12 ko 24 ba ya kunna tasta, amma in bakinsa biyu suka haɗu yana narkar da ƙarfe ya ta da gobara.

Mutane da yawa suna zaton fis yana tsare su. Waya ya ke tsarewa, don kada ta yi zafi ta kama. Wani malami a jami'ar Kalifoniya ta Amurka, Charles Dalziel, ya yi shekaru yana auna yawan wutar da jikin ɗan Adam ke iya ɗauka. Ana auna gudun wuta da amfiya, in an raba amfiya guda kashi 1,000 kuma kowane kashi sunansa miliamfiya. Miliamfiya guda mutum yana jin ta kamar tsikari. In ta kai wajen 10 zuwa 16, jijiyoyin hannu su ƙage, ya kasa sakin abin da ya riƙe, shi ne a ke cewa wuta ta riƙe shi. In ta haura 50 ta ratsa ƙirji, zuciya tana iya rikicewa ta daina tura jini. To, ƙwan fitila na da mai wat 60 yana shan wajen miliamfiya 260, fis ɗin filogi mai lamba 13 kuwa ba ya ƙonewa sai wuta ta wuce 13,000. Ke nan mutum ya mutu sau da yawa fis bai san an yi ba.

Maganin wannan daga Afirka ya fara fitowa. A ramukan zinariya na Afirka ta Kudu wuta tana yawan kashe ma'aikata, domin wuri ne mai laima. Cikin 1955 wani injiniya, Henri Rubin, ya ƙera makunni mai lura da wutar da ta tafi da wadda ta komo. In lafiya, daidai su ke. In wadda ta komo ta gaza, to saura ya bi wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai makunnin ya faɗi da kansa kafin ƙiftawar ido. Aka sa shi a gidajen ma'aikata na wani gari da a ke kira Stilfontein. Dalziel ma ya ƙago irin nasa cikin 1961. Wanda a ke sawa gidaje yau yana faɗuwa in ɓatar ta kai miliamfiya 30. Yana da ɗan maɓalli na gwaji a fuskarsa, ƙa'idar Ingila ta ce a danna shi duk wata shida, domin ƙura da tsatsa kan sa ya cije. Ƙurar hunturu kuwa ba sai an gaya wa Basakkwace ba. Amma maɓallin nan iyakar shaidarsa ita ce makunnin bai cije ba. Ba ya faɗin kome game da wayoyin gidan, ba ya kuma faɗin ko saurin faɗuwar ya isa. Wannan sai da wani ma'auni dabam mai ƙidaya lokaci.

Saura maganar waya ta uku, wadda ke zuwa doguwar ƙafar filogi. Biyun farko, ɗaya ke kawo wuta, ɗaya ke mai da ita. Ta ukun an ɗaure ta ga jikin firji da dutsen guga da injin jan ruwa, ɗaya bakinta kuma ga sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa a bayan ɗaki. Amfaninta, in waya ta kwance ta taɓa jikin firji, wutar ta sami hanya mai sauƙi ta gudu da yawa, fis ya ƙone. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai ƙasar ta karɓi wuta, ƙasa kuma ba ta karɓa sai da danshi. A Ingila, inda ruwa ba ya yankewa, abin da sauƙi. A ƙasar Dingyaɗi damina wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, sauran shekara tudu da jigawa sun bushe har can ƙasa. Sandar da aka auna cikin Agusta ta yi kyau, in aka komo mata cikin Maris sai a tarar kamar an kafa ta cikin buhun gero. A ɗauki misali ƙasar ta tauye wuta da awo 200 na abin da a ke kira om. Bolt 230 a raba da 200, amfiya guda ke nan da 'yan kai. Fis mai lamba 13 ba zai ƙone ba har abada, firji kuwa ya zauna da wuta a jikinsa yana jiran yarinyar da za ta zo ɗaukar ƙanƙara da jiƙaƙƙen hannu, ba takalmi. Shi ya sa masu sana'a na ƙwarai ke zurfafa ramin, su zuba gawayi da gishiri, su zaɓi wuri mai laima kamar kusa da makwararar ruwa. Dabara ce mai amfani, sai dai gishiri yana cin ƙarfe, ruwan sama kuma yana wanke shi, don haka ba a yi sau ɗaya a manta. Awon sandar da tasta ba ya yiwuwa. Sai an kafa wasu 'yan turaka nesa da ita, an tura wuta tsakaninsu da ma'aunin da aka yi domin haka. Lokacin da ya fi dacewa da awon kuwa shi ne tsakiyar rani, sa'ad da ƙasa ta fi ƙi.

Daga baya an fito da wani ɗan ma'auni mai kamar filogi, mai fitilu uku. A cusa shi cikin soket, fitilun su nuna ko wayoyin suna inda ya kamata. Masu duba gidaje a ƙasashen waje sun so shi ƙwarai domin saurinsa, yana kuwa kama wasu kurakurai, kamar a juya waya mai kawo wuta da mai mayarwa, kuskuren da ya ƙaru tun da launuka suka cuɗe, ja da baƙi na da ga ruwan ƙasa da shuɗi na yanzu cikin gida guda. Amma akwai ha'incin da ba ya gani. Mai wayarin da ya ci kuɗin waya ta uku bai ja ta ba, sai ya ɗauki ɗan guntu ya haɗa ƙafar ƙasa da waya mai mayarwa a cikin soket ɗin, ya rufe. Fitilu uku su ce lafiya lau. Ran da waya mai mayarwa ta tsinke a falwaya, duk wani ƙarfe da ke jone a gidan ya ɗauki wuta. Ba mai gano wannan sai wanda ya kwance soket ya duba da ido, ya kuma auna kowace waya daga akwatin fis har ƙarshenta.

Tuhumar ma'auni ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato cikin 1815, da Boɗinga, inda ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna, duk maƙwabtan Dingyaɗi ne. Malaman nan sun yi horo da a bar tauye mudu, daular da suka kafa kuma ta sa muhtasibi mai lura da kasuwa, wanda ba hatsi kaɗai ya ke dubawa ba, har da mudun da a ke auna shi. Zamanin cinikin gyaɗa da auduga ma manomi ya san sikeli yana iya cin amana, sai an gwada shi da dutsen awo da aka san nauyinsa. Masu aikin lantarki a Turai sai da suka binne 'yan'uwansu da dama kafin su tsaya a kan wannan hanya. Ƙa'idarsu yanzu gwaji uku ce. A fara ɗora ma'aunin a kan wurin da aka tabbata akwai wuta, a ga ya nuna. Sa'an nan a ɗora shi a kan wayar da za a taɓa, kowace waya da 'yar'uwarta, kowace kuma da ta ƙasa. In ya nuna babu, a sāke mai da shi wurin farko, don kada ya zama ya lalace ne a tsakani. Inda ba wutar gari, akwai ɗan akwati mai batir da a ke yi musamman domin gwada ma'aunin. Manyan ma'aunai kuma, irin su Megger, akan aika da su wurin masu daidaitawa, galibi shekara shekara, a ba da takarda mai kwanan wata.

A dokar Nijeriya, tun zamanin Turawa, ba a jona sabon gini da wutar gari sai an duba wayarinsa. Cikin 2015 aka danƙa wannan aiki ga wata hukuma ta Tarayya mai suna NEMSA, shugabanta shi ne Babban Mai Duba Lantarki na ƙasa duka, dokar lantarki ta 2023 kuma ta tabbatar mata da shi. Ita ke gwada mitoci da taransifoma, ita ke ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Doka ce mai kyau a takarda. Amma masu duban kaɗan ne, ofisoshinsu a birane su ke, gidan ƙauye kuwa ba rana ɗaya a ke gina shi ba. Bana a yi ɗaki biyu, baɗi ɗa ya yi aure a ƙara ɗaya, a ja masa waya ta kan katanga, a naɗe mahaɗin da leda. Duba-gari na da yakan komo bayan 'yan makonni ya sāke leƙa randa. Wayarin gida kuwa, in ma an duba shi, ran jonawa ne kaɗai, alhali rigar waya tana tsufa ƙarƙashin kwano mai zafi, ƙa'idar Ingila ma ta so a sāke auna gidan zama a ƙalla duk shekara 10.

Saboda haka a wurare irin su Dingyaɗi nauyin ya komo kan mai gida, shi da ke biyan kuɗin aiki. Ba sai ya iya lissafin om da amfiya ba. Yana da ikon ya nemi ganin takardar shaidar mai wayarin, ya dubi kayan awon da ya zo da su, ya ce a nuna masa sandar ƙasa da wayar da ta tafi gare ta, ya sa a kwance soket ɗaya da shi ya zaɓa a ƙirga wayoyin ciki a gabansa. In wayoyin biyu ne, ko kuwa akwai ɗan guntu da ya haɗa ƙafa biyu, aikin bai ƙare ba, sauran kuɗi ya dakata a hannunsa.